Shin zoɓo da citta na sauke yurik asid?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An auna jinina an ce yurik asid ɗina ya kai 8.9. Sau biyu ke nan babban yatsan ƙafata yana kumbura cikin dare, ko mayafi ba na bari ya taɓa shi. An ce in riƙa shan zoɓo da citta. Za su wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Za su taimaka, amma su kaɗai ba za su fishe ka ba. Yurik asid sinadari ne da jiki ke samarwa, ƙoda ke fitar da shi. Idan ya haura 6.8 a jini, yakan fara daskarewa a gaɓoɓi kamar ƙananan allurai, shi ne wannan raɗaɗin na dare. Mai irin ciwonka so ake a mai da shi ƙasa da 6, abin da tsirrai ke ragewa kuwa ɗan kaɗan ne.

Zoɓo na iya taimaka wa ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Ka jiƙa cokalin shayi biyu na busasshe a kofin ruwan zafi minti 10, ka tace, ka sha safe da yamma. Inda ake ɓata shi shi ne sukari. Wajen sarrafa sukari hanta na ƙara samar da yurik asid, don haka zoɓon ƙulli mai zaƙi ƙara wa ciwon ƙarfi yake. Zuma ma haka, lemun kwalba kuwa ba a magana. Zoɓo na kuma sauke hawan jini, mai shan maganinsa ya riƙa aunawa.

Citta da kurkum kumburi suke lafarwa, ba a tabbatar suna rage sinadarin ba. Mai shan maganin tsinka jini ya tuntuɓi likita tukuna. Jiƙon da ba ka san haɗinsa ba kuwa ka guje shi, don ƙodar da kake dogaro da ita yake iya lalatawa.

Ka rage cin hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, da kifin gwangwani. Ka sha ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, kindirmon da aka cire wa mai ma yana da amfani.

Tunda ciwon ya maimaita, ka je a auna ƙodarka, a duba ko za a ɗora ka kan allopurinol, maganin da ke rage yurik asid. Yakan tayar da ciwon a watannin farko, wannan ba dalilin dainawa ba ne. Amma idan ƙuraje suka feso maka, ka tsayar da shi, ka koma asibiti a ranar.