Daga gonar Saminaka zuwa Mile 12: me ƙungiyar manoma za ta iya yi?

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da masara da wake a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Ya ce 'yan uwansa a wajen Saminaka ƙananan manoma ne, mai hekta ɗaya, mai biyu, kuma duk kaka dillalai ke kwashe musu amfani a araha, shi kuma a nan Legas sai masarar ta bi ta hannu uku ko huɗu kafin ta iso rumfarsa. Yana son sanin ko haɗa su cikin ƙungiyar gama kai zai sa kayansu ya riƙa zuwa masa kai tsaye, kuma ko ya dace ya zuba kuɗinsa a ciki.

Alhaji, abin zai yiwu, kuma kana da abin da yawancin ƙungiyoyin ƙauye ba su da shi, wato mai saye tabbatacce a kasuwar ƙarshe. Sai dai ka fara da lissafin mota. Tirela tana ɗaukar kamar tan 30, buhu 300 ke nan na kilo 100. Manomin da ya samu buhu 20, ya ware na ci da na zakka da na iri, da ƙyar ya fitar da 10. Buhu 10 ba ya ɗauko mota zuwa Legas, shi ya sa yake sallama wa duk wanda ya zo ƙofar gida da kuɗi a hannu. Mutum 30 masu buhu goma-goma kuwa sun cika tirela, sun kuma samu bakin yin ciniki. Wannan shi ne tushen amfanin ƙungiyar. Bashin banki da tallafin taki duk daga baya suke zuwa, in sun zo.

Na faɗi haka ne saboda ƙungiyoyi da yawa an kafa su don jiran rabon gwamnati kawai, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015. Irin waɗannan, ranar da rabo ya tsaya su ma sun watse. Taku ta tsaya a kan ciniki.

Rajista ba ta da wuya. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta yarda mutum 10 su kafa ƙungiya, kuma ana yin rajistar a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jihar da manoman suke, wato Kaduna, inda Saminaka take. Za a buƙaci dokokin ƙungiya a rubuce, sunayen mambobi da shugabanni, da bayanin zaman da aka yi aka amince. Da takardar sai a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Kada kuɗin ƙungiya ya kwana a asusun shugaba, ko da limamin gari ne. Wannan kariya ce gare shi kansa daga zargi.

Inda aikin yake shi ne kayan mutum 30 su zama kamar na gona ɗaya. Kai ka fi kowa sanin abin da ke faruwa idan aka soka buhu biyar a Mile 12 aka samu biyu da tsakuwa ko ɗanyen ƙwaya: farashin motar gaba ɗaya ake karyawa. Saboda haka tun kafin shuka a yanke irin da za a noma. Masu haɗa abincin kaji a Legas da Ogun da Oyo sun fi neman masara ruwan ɗorawa, masu yin kamu da koko suna sayen fara da yawa, kuma ba a cakuɗa su a buhu ɗaya. A wake kuma kasuwar Legas ta fi son ja, irin su oloyin, don haka kada a cika mota da fari ba tare da an san wanda zai ɗauka ba.

Sai bushewa. Masarar da za a ajiye ko a kai wa kamfani ana so danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa. Ƙungiya ta sayi ƙaramar na'urar auna danshi guda ɗaya, ta ishi kowa. Kafin a samu, a zuba busasshen gishiri da ƙwayar masara cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba, a mayar da ita shanya. Shanyar ma a kan tamfol, ba a gefen kwalta ko tsurar ƙasa ba. Ɗanyar masara a cikin buhu tana yin fumfuna, fumfunar kuma na haifar da gubar aflatoksin da kamfanoni ke mayar da mota saboda ita. Ka tuna iskar Legas tana da laima, abin da ya taso daga arewa da ɗan danshi a nan zai ƙarasa lalacewa.

A auna kowane buhu a kan sikeli a gaban mai shi, a rubuta nauyi a littafi, a ba shi rasit, a sa lambarsa a jikin buhun. Lambar nan tana da muhimmanci ƙwarai. Idan ka buɗe buhu a Legas ka ga ƙasa a tsakiya, ka faɗi lambar ta waya, a cire asarar daga kuɗin mai shi kaɗai. In ba haka ba masu gaskiya ke biyan kuɗin algus na mutum ɗaya, shekara mai zuwa kuma su janye.

Wake yana da nasa haɗarin. Ƙwari na cinye shi da sauri, wannan ya sa wasu ke zuba masa maganin ƙwari irin su Sniper, abin da ke cutar da mai ci, kuma irin wannan ragowar magani ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙungiya ta hana wannan a rubuce. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba magani, muddin waken ya bushe, an ɗaure kowace leda daban, kuma ba huda. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango.

Abin da ya fi rusa irin wannan tsari shi ne mamba ya sayar ta bayan fage. Ba mugunta ba ce yawanci. Da kaka ne bashi ke tasowa, ga kuɗin makaranta, ga biki, dillali kuma yana biya nan take. Idan ƙungiya ta ce a kawo kaya a jira sati uku, rabin buhunan ba za su zo ba. Nan ne kuɗinka zai yi amfani. Shawarata, ka biya kaso mai tsoka, kamar kashi 70 na farashin kasuwar garin a ranar awo, sauran kuma bayan an sayar an cire kuɗin buhu da ɗinki, lodi, mota, harajin kan hanya, 'yan dako da la'adar kasuwa. A karanta wannan lissafin a gaban kowa, layi-layi. Idan kana so ka ba da kuɗi tun kafin girbi, akwai cinikin salam a shari'a: ana biyan kuɗin duka a gaba, a fayyace iri da nauyi da inganci da ranar kawowa. Ku zauna da malami ya duba muku sharuɗɗan, a rubuta, a sa shaidu.

Amma kai ka tsaya a matsayin mai saye. Kada ka zama shugaba ko ma'aji, domin mai saye yana son araha, ƙungiya tana son tsada, mutum ɗaya ba zai riƙe duka biyun ba tare da an zarge shi ba, ballantana tsakanin dangi. Ka bar su su ji farashin Dawanau da na Giwa da na Funtua, su kwatanta da naka. Ka kuma yarda su sayar wa wani idan ya fi ka tayi a kan kayan da ba ka ba da kuɗinsu ba.

Game da ajiye kaya a jira tsada, a yi hattara. An saba ganin farashi ya tashi daga bazara zuwa tsakiyar damina, amma ba doka ba ce. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da wake da alkama da shinkafa mai ɓawon ciki na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi sosai, waɗanda suka cika sito suna jira suka yi asara. Ƙungiyar da ke da ƙaramin jari ta raba kayanta: kaso ya tafi da kaka don a sallami mambobi, kaso a ajiye, kuma da kuɗin kanta, ba na bashi ba.

A shekarar farko mota ɗaya ta isa. Ka samo mai ɗauka a Legas kafin a yi lodi, ku yi magana a kan farashi da ranar biya, don kamfanoni sukan auna su cire na danshi, su kuma jinkirta biya. A ɗauki mota ta hannun ƙungiyar direbobi da aka sani, a rubuta takardar kaya da lambar mota da ta wayar direba, wakilin manoma ɗaya ya biyo motar. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ko an bi ta Mokwa da Jebba ko ta Lokoja, kuma da damina tamfol mai huda ɗaya ya isa ya jiƙa layin sama gaba ɗaya, don haka a duba shi kafin a ɗaure. Bayan an sayar, ku kwatanta abin da ya shiga hannun manomi a kowane buhu da abin da dillali ya biya maƙwabcinsa a satin. Da wannan bambancin za ku yanke ko badi mota biyu za a yi.