Gyambon baki mai dawowa duk lokacin da hankali ya tashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce a Gusau, shekarata 32, 'ya'yana uku, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Tun ina sakandare nakan yi ɗan miki a cikin baki jefi-jefi, amma daga bara abin ya tsananta. Kusan kowane wata sai ya fito, wani lokaci biyu ko uku, a cikin leɓe ko gefen harshe, fari-fari da jan zobe kewaye da shi. Magana a aji takan gagare ni, miya mai yaji kuwa ba a cewa komai. Sai ya yi kamar kwana goma ya warke, in ɗan huta, wani ya ɓullo. Na lura ya fi zuwa idan hankalina ya tashi. Danginmu sun taso daga ƙauye saboda 'yan bindiga, suna gidanmu, maigida kuma ɗan kasuwa ne kullum yana kan hanya, ba na runtsawa sai ya kira ya ce ya sauka. Na sha Ampiclox daga kemis, na shafa kanwa, na sha maganin zafi na gargajiya, duk a banza. Da gaske damuwa ce ke kawo shi? Zan iya shafa wa yara? Mene ne maganinsa?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Yadda kika kwatanta shi ya yi daidai da gyambon baki mai maimaituwa, wanda kusan mutum ɗaya cikin biyar kan yi fama da shi a wani lokaci na rayuwarsa. Yakan fara tun ƙuruciya, yana bin dangi, kuma yana da wuraren da yake so: cikin leɓe, cikin kumatu, gefe da ƙarƙashin harshe, wato inda fatar baki take da laushi. Ba kasafai yake hawa ganɗa ko dasashin da ke manne da haƙori ba. Mafi yawansa ƙanana ne, faɗinsu bai kai santimita ɗaya ba, suna warkewa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tare da tabo ba. Naki ke nan. Akwai babba wanda kan wuce santimita ɗaya, ya yi makonni, ya bar tabo, akwai kuma mai fitowa ƙanana-ƙanana da yawa a lokaci guda, amma waɗannan ba su da yawa.

Ki kwantar da hankalinki game da yara. Wannan miki ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa ta kofi, ko cokali, ko cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ake ɗauka shi ne ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a wajen leɓe bayan zazzaɓi, su fashe su yi ɓawo. Wancan ƙwayar bairos ce, kuma mai shi bai kamata ya sumbaci jariri ba. Mutane na haɗa su biyun, alhali ba danginsu ɗaya ba. Wannan ne kuma dalilin da Ampiclox bai yi miki komai ba: maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma babu ƙwayar da zai kashe. Mikin ya warke ne don lokacinsa ya yi. Illar da za ki iya kwasa daga yawan shansa ita ce farin ƙura a harshe, wato farin abu mai kama da guntun nono da ke lulluɓe shi, da kuma ranar da za ki buƙace shi da gaske ya ƙi aiki.

Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jikinki ce ke kai wa fatar bakinki hari a ɗan wuri ƙanƙani, ta cinye saman fatar, jijiyoyin da ke ƙasa su fito fili. Shi ya sa abu kamar ƙwayar gero zai hana babban mutum cin tuwo.

To, damuwa fa? Abin da kika lura da shi gaskiya ne. An daɗe da sanin cewa ɗalibai sun fi yinsa lokacin jarrabawa, haka masu zaman makoki da masu rashin barci. Tashin hankali mai tsawo yana birkita sinadaran da ke saita garkuwar jiki, yana rage yawu, baki ya bushe, sannan mai damuwa yakan ciji kumatunsa ko ya datse haƙora cikin barci bai sani ba. Ƙaramin rauni irin wannan, wanda a bakin wani zai warke kafin gari ya waye, a bakin mai wannan lalura sai ya zama gyambo.

Sai dai a nan nake saɓa wa masu cewa "damuwa ce kawai, ki rage tunani" su sallame ki. Damuwa ashana ce, amma ba ta kama wuta sai ta samu busasshen kara. Abin da nake so a bincika a jikinki shi ne karan. Kin haihu uku, kin shayar har kwanan nan, yanzu kuma tukunyar gidanki tana ciyar da baki fiye da da, kuma na san halin matanmu: uwar gida ita ce ta ƙarshen ci, naman da ke cikin miya kuma yara da baƙi ake tsame wa. Ƙarancin sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini, da folik asid, da bitamin B12 suna cikin sanannun abubuwan da ke sa wannan miki ya yawaita, kuma mai shi kan daɗe bai sani ba, sai dai gajiya, da jiri idan ya miƙe, da haki a ɗan aiki kaɗan, waɗanda su ma damuwa ake ɗora wa. Maleriya mai yawan dawowa, tsutsar ciki da jinin al'ada mai yawa duk suna ƙara zuƙe jini. Saboda haka abu na farko da zan roƙe ki shi ne gwajin jini. Kada ki tsaya a PCV kaɗai, wato gwajin da ke auna yawan jini, domin ma'ajiyar ayon takan ƙare tun kafin PCV ya faɗi. Ki nemi cikakken ƙidayar jini, idan da hali a haɗa da gwajin feritin, mai nuna ma'ajiyar ayon, da na B12. In aka samu ƙaranci aka cike shi, da yawa mikin yakan ja baya ƙwarai, ko da damuwar tana nan inda take. Maganin ayon kuwa ba na mako ɗaya ba ne, akan ci gaba da shi kamar wata uku bayan jini ya dawo daidai. Ta fannin abinci, hanta ko da sau ɗaya a mako, ƙwai, kifi, nono, wake, zogale da alayyafo. Ki daina haɗa shayi da abinci, ki ba da tazarar kamar awa ɗaya, don ganyen shayi yana hana hanji tsotsar ayon.

Yanzu ga abin yi idan ya fito. Babu maganin da ke tumɓuke shi har abada, duk wanda ya ce miki yana da shi kuɗinki yake so. Abin da magani ke yi shi ne rage zafi, gajarta kwanakin, da tsawaita hutun da ke tsakani. Sirrin kuwa yana ga sammako. Kafin mikin ya buɗe da yini ɗaya ko biyu, akan ji wurin yana ɗan ƙuna ko tsikari, na tabbata kin san wannan alamar. A wannan lokacin ne man shafawa na cikin baki mai tirayamsinolon, wanda aka fi sani da Kenalog in Orabase, ya fi aiki. Ki tsane wurin da auduga mai tsabta, ki ɗiga kaɗan ki danna a hankali, kada ki murza, bayan cin abinci da kuma lokacin kwanciya. In aka bari sai kwana na biyar, amfaninsa kaɗan ne. Amma likita ya fara ganin mikin ya rubuta miki, domin dangin sitiroyid ne, masu danne garkuwar jiki, kuma idan aka shafa shi a kan farin ƙura ko ƙurajen bairos sai ya ƙara ta'azzara su.

Ruwan kurkure baki na kuloheksidin, mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari, yana hana mikin ƙazancewa: mililita 10, minti ɗaya, safe da dare, a tofar. Ki ba da rabin awa tsakaninsa da goge baki, kuma kada ki wuce mako biyu a jere, don yana rina haƙora, musamman ga mai shan shayi. In babu shi, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi ya wadatar. Kafin cin abinci ko shiga aji, man lidoken yana kashe zafin na ɗan lokaci. Bonjela ta manya ma tana taimakawa, sai dai ba a ba wa yaron da bai kai shekara 16 ba. Zuma tsantsa a ɗiga a kai tana sanyaya shi, kuma ban hana ba, ban da jaririn da bai cika shekara ba. Idan zafin ya yi yawa ki sha farasitamol. Ki yi hattara da ibufurofen da daikulofenak, domin a wasu mutane su da kansu suna tayar da mikin.

Kanwa kuwa ki bar ta a miyar kuka. Ita, da alif, da garin asfirin da wasu ke dannawa a kan mikin, ƙona fatar suke yi. Zafin yakan lafa na ɗan lokaci saboda jijiyar wurin ta ƙone, amma ramin ya ƙara faɗi, kwanakin warkewa su ƙaru. Mafi muni shi ne ƙwayoyin firedinisolon da deksametason da ake sayarwa a kemis ba takardar likita. Suna kwantar da mikin, ba shakka, shi ya sa mutane ke maƙale musu, amma shansu wata da watanni yana jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi.

Ki duba kwalin man goge bakinki. Idan kin ga Sodium Lauryl Sulfate a jerin sinadaran, shi ne mai sa kumfa, kuma yana tayar wa wasu da mikin. Ki gwada wanda babu shi na wata biyu ko uku ki gani. Buroshi ya zama mai laushi, asuwaki kuma a tauna shi ya yi laushi sosai kafin ya taɓa dasashi. Kwanakin da mikin yake buɗe a ɗaga wa yaji, tsamiya, zoɓo, lemun tsami, ƙuli-ƙuli, ƙanzo da kilishi ƙafa, a koma kunu mai ɗumi-ɗumi, fura da nono, fate da dafaffen ƙwai. Kada ki zauna da yunwa don tsoron zafi, wannan ma ƙara rura shi yake yi.

Batun damuwar kanta, ba zan ce miki ki daina tunani ba. Wanda mijinta ke bin hanyoyin Zamfara a wannan zamani, in ta ce ba ta tunani ma ba za a yarda ba. Abin da ke hannunki shi ne barci, kuma shi jiki ya fi buƙata. Ku yi yarjejeniya da maigida ya riƙa sauka kafin magariba ya kira, ko da zai kwana a hanya, wannan ya fi masa tsaro, ke kuma ya ba ki darenki. Bayan isha'i ki ajiye waya. Hotuna da muryoyin da ke yawo a WhatsApp da tsakar dare ba sa kare kowa, barci kawai suke sacewa. Baƙin da ke gidanki 'yan'uwa ne, ki raba musu girki da wanki ba tare da jin kunya ba, yawancinsu ma sun fi son a ba su abin yi da zaman jiran a zuba musu. Azkar na safe da yamma, da samun mutum ɗaya da za ki riƙa amayar wa da cikinki, ba ƙananan abubuwa ba ne. Idan kuwa kika kai mako biyu babu barci, babu sha'awar abinci, ga kuka ba dalili ko faɗuwar gaba, wannan ciwo ne mai zaman kansa da ake magani a asibiti, ba da ƙwayar barci ta kemis ba.

Tunda akwai yaran da suka taso daga ƙauye a gidan, bari in ƙara wannan. Idan ƙaramin yaro, musamman ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, ya yi miki a dasashi, bakinsa na wari, kuncinsa ya kumbura, wannan ba irin naki ba ne. Yana iya zama cutar noma, mai cin fuska cikin 'yan kwanaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2023. A kai shi asibiti a ranar. A farkonta maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, kuma akwai asibitinta na musamman a Sakkwato.

Ke ma akwai alamomin da ba a jira da su. Duk mikin da ya wuce mako uku bai warke ba, ko mai tauri a gefe, ko wanda ba ya zafi amma yana girma, dole likita ya gani don kore sankarar baki, balle ga mai shan sigari ko cusa garin taba. Haka idan ya zo da miki a al'aura, jan ido ko ciwon gaɓoɓi, domin akwai cutar Behcet, wadda wani likitan Turkiyya ya bayyana a 1937, da kan fara da baki. Gudawa mai daɗewa, rama ko zazzaɓi tare da mikin suna sa a duba hanji, a kuma yi gwajin ƙanjamau. Idan likita ya nemi wannan gwajin kada ki ɗauka zargi ne, yana cikin abin da ake dubawa ga duk mai mikin da ya tsananta.

Ko ba ɗaya daga cikinsu, fitowa kowane wata ya isa dalilin zuwa sashen haƙori da baki na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A can za a duba ko akwai haƙori mai kaifi da ke gurzar harshenki, kuma idan na shafawa bai isa ba akwai magunguna masu ƙarfi da ake bayarwa ƙarƙashin kulawa. Kafin ki je, ki riƙa rubuta ranar da ya fito, da ranar da ya warke, da inda kike a lissafin al'adarki, don a wasu mata yana bin kwanakin da ke gab da zuwan jini. Ki kuma ɗauki hotonsa da waya a wuri mai haske, saboda sau da yawa ranar ganin likita takan zo bayan mikin ya rufe.