Jan tauraron nan na lokacin ɗari, wuta ce ta yi masa yawa?

Tambaya: Malam, daga unguwar Birni nake, nan Damagaram. Da ɗari, bayan Isha'i, ina ganin wani jan tauraro a gabas, kusa da taurari ukun nan da suke jere. Shin ya fi sauran zafi ne shi ya sa ya yi ja?

Amsa: Ɗan'uwa, akasin haka ne. Sunansa Betelgeuse, daga Larabci, Yadul Jauza'i. Ka leƙa maƙera ka ga ƙarfe a wuta: ja yake fara yi, in zuga ta yi ƙarfi ya koma rawaya, sannan fari. Haka taurari suke. Zafin fuskar wannan tauraro wajen digiri 3,300 ne, na rana kuwa 5,500. Farin nan mai shuɗi-shuɗi da ke ɗaya ɓangaren taurari ukun, Rigel, ya haura 11,000.

To me ya sa yake haske haka? Girma. Faɗinsa ya kai na rana sau 700 ko kusa da haka. Da za a ɗauke rana a ajiye shi a gurbinta, da ya haɗiye duniyarmu har da duniyar Mirrihi, wato Mars. Amma nauyinsa bai wuce na rana 15 zuwa 20 ba, wato kumburi ya yi, iskar da ke saman jikinsa ta fi wadda muke shaƙa rashin kauri nesa ba kusa ba. Wannan ne ya fi ba ni mamaki a lamarinsa. Shi ne kuma tauraro na farko, in ka cire rana, da aka auna faɗinsa, a 1920, a dutsen Wilson da ke Amurka.

Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, duk da haka wanda ka gani ya fi shekara 500 a hanya. Ya taso tun ba a kafa sarautar Damagaram ba.

A ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 ya dushe sosai, har wasu suka zaci fashewa zai yi. Ashe iska ya fesar, ta huce ta zama ƙura, ta tare haskensa, kamar yadda hazo ke rufe mana rana a hunturu. Fashewar na tafe, domin manyan taurari ba sa daɗewa: shekarunsa wajen miliyan 10 ne, rana kuwa biliyan 4.6. Masana na kirdadon cikin shekara 100,000 masu zuwa, kuma nisansa ya isa ya kare mu.