Safar Hannu Mai Kauri a Zafin Sakkwato: Wacce Ta Dace da Aikina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya, ranka shi daɗe. Ni mai aikin wayarin ne a Mabera, shekara 4 ke nan da maigidana ya yaye ni. Aikina gidaje ne da shaguna, sai jefi-jefi a kira ni gyaran fanel, wato akwatin rarraba wuta, a injin niƙa ko gidan ruwan leda. Wani abokina ya ba ni safar hannu ta roba mai kaurin gaske, an rubuta mata aji 2, ya ce muddin na sa ta ba abin da zai same ni. Amma in na sa ta ko sukuru ba na iya riƙewa, ga zufa tana cika ta nan da nan. Maigidana kuma ya ce shekara 30 yana aiki da hannu tsirara. Wa zan bi?
Mai karatunku daga Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka bi ko ɗayansu. Maigidanka Allah ne ya tsare shi, ka girmama shi amma kada ka gaji wannan ɗabi'a. Abokinka kuwa ya ba ka kayan ma'aikatan layi: aji 2 an yi ta ne don wutar da ta kai bolt 17,000, irin wadda masu hawa falwayar layin 11,000 suke sawa. Wutar da kake taɓawa 230 ce a gida, 415 a fanel mai layi uku. Aji 00 tana ɗaukar 500, aji 0 tana ɗaukar 1,000. Ka nemi aji 0, ka ɗora mata ta fata a sama don kada waya ta huda ta. Safar da ta hana ka riƙe sukuru ita za ta sa ka tuɓe ta a tsakiyar aiki, ko sifana ta suɓuce maka cikin fanel. Yawan kaya ma yana da nasa haɗarin, balle a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40, mutum ya jiƙe sharkaf, jiri na ɗibarsa a kan tsani.

Amma kafin maganar safa, ka tambayi kanka: dole ne a yi aikin nan da wuta a jiki? Yawanci ba dole ba ne, gaggawar mai shago ce kawai. Ka kashe, ka zare fiyus ka sa a aljihunka, ko ka garƙame makunnin da kwaɗonka. Ka gwada mitarka ta gwajin wuta a inda ka san akwai wuta, ka gwada layin, ka sake gwada mitar. Kuma "an ɗauke wuta" ba hujja ba ce. Kamfanin rarraba wuta na KAEDCO na iya maido da ita kana tsakiyar aiki, janaretan maƙwabci da aka haɗa babu cenjoba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, na iya turo wuta ta baya, ga inbata, ga sola da ke ba da wuta muddin rana na sama.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne fanel ɗin injin niƙa. Matasa suna tsoron jan wuta, sun manta da fashewarta. Idan ƙarfe ya haɗa layi biyu, harshen wuta ke tashi mai zafin da kan kai kusan digiri 19,000, da narkakken tagulla yana fallatsa. Girman wannan fashewa bai tsaya ga yawan bolt ba. Ya danganta da girman taransifomar da ke ciyar da wurin, da kusancinka da ita, da saurin da birika, wato na'urar da ke katse wuta in an sami matsala, za ta yanke. Soket ɗin ɗaki a ƙarshen layi daban, babban fanel da ke gindin taransifoma daban, ko da duka ƙaramar wuta ce mai bolt 230 ko 415.

Na ga wannan da idona. Wani yaron aikina, a wani gidan casar shinkafa, ya sa safarsa tsaf amma rigar ƙwallo ce a jikinsa. Filaya ta zame masa. Hannunsa bai yi komai ba, rigar ce ta narke ta manne masa a ƙirji. Har yau in na tuna ƙaurin nan sai gabana ya faɗi, don ni na ga rigar da safe ban ce masa ya canza ba.

Saboda haka a kowane aiki ka sa rigar auduga zalla mai dogon hannu, ka rabu da nailan da poliyesta. Auduga ba ta narkewa, amma tana kamawa da wuta, don haka a babban fanel sai riga ta musamman mai jure harshen wuta da garkuwar fuska. Ƙa'idar kariyar masu aikin lantarki ta Amurka, NFPA 70E, ta kasa irin waɗannan kayan mataki 4, masu jure zafin kalori 4, 8, 25 da 40 a kowace murabba'in santimita. In ba ka san matakin da fanel ke buƙata ba, kuma mai wurin ya ƙi a kashe, ka tattara kayanka ka tafi. Ka cire agogo da zoben azurfa, ka bar silifas a gida.

Safar kuma kullum kafin aiki ka naɗe bakinta iska ta cika ta, ka kara a kunne ka ji ko tana tsiyaya. Kada ka bar ta cikin akwatin mashin a rana, zafi na cinye roba. Ta aji 2 ɗin ka mayar wa abokinka, ka gode masa.