Tsohuwar Vespa ko sabon babur: a ina zan zuba kuɗina?

Tambaya: Kawuna yana da tsohuwar Vespa da ta daɗe a jingine a zaure, ya ce in ba shi abin da ya sauƙaƙa in ɗauka. Ina so in riƙa zirga-zirga da ita tsakanin Maraɗi da Madarunfa. In saye ta, ko in daure in tara kuɗin sabon babur? Daga wani mai karatu a unguwar Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, in hawan Juma'a da zuwa ɗaurin aure kake nufi, karɓe ta tun kawu bai sake shawara ba. In kuwa neman abinci za ka yi da ita kullum, tara kuɗinka.

Injinta mai bugu biyu ne: duk zagaye ɗaya sai wuta ta tashi, shi ya sa take da zafin tashi ga sauƙin gyara, don ba ta da bawul balle sarƙarsa. Amma ba ta da ma'ajin baƙin mai a ƙasan inji. Man yana bin fetur ne ya shafe fistan, sannan ya ƙone ya fita hayaƙi. A yawancin Vespa masu bugu biyu na baya-baya kashi 2 cikin 100 ake zubawa a fetur, wato mililita 20 a kowace lita, kuma man 2T, wato na inji mai bugu biyu, ba ragowar man mota ba. Nan mutanenmu ke kashe inji: a sayi fetur na kwalba a bakin titi, a tsiyaya mai da ka, ko a manta gaba ɗaya. Ranar da fistan ya kama, tafiya ta ƙare. Ga shan mai, ga ƙananan tayoyi da ba sa shiri da yashi.

Kafin ka biya, je da makanikin da ya san ta, ba yaron da ya tashi kan baburan Sin ba. A kwance buji a duba bakinsa: ruwan ƙasa lafiya ne, baƙi mai danƙo mai ya yi yawa, fari fat kuwa inji na cin wuta. Ka taka kik da sanyin safiya. In ya faɗa ƙasa ba tirjiya, ringi ya gaji. Sai ka leƙa ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa. Jikin Vespa shi ne ƙashin bayanta, in tsatsa ta huda nan, bar wa kawu kayansa. Takardu kuma a ga su da ido.

Tambaya: Wai da gaske ne daga jirgin sama aka ciro injin Vespa?

Amsa: A'a, amma zancen yana da tushe. Kamfanin Piaggio na Italiya jiragen sama yake ƙerawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wanda ya zana Vespa, da ta fito a 1946, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirage ne mai aikin jirgi mai saukar ungulu. Dubi tayar gaba: hannu ɗaya ke riƙe da ita ta gefe, irin ƙafar saukar jirgi, shi ya sa cire ta ba wuya in ta yi faci. Ƙananan jirage masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu kuwa sun daɗe suna tashi da inji mai bugu biyu, kamar Rotax 582 na ƙasar Ostiriya, saboda ƙarfinsa ya fi nauyinsa.