Amsa ga ƙanenmu da ya tambaya ko kwaikwayon manyan mawaƙa sata ne

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar mashin, ina bakin titi ne a Aboabo, nan Kumasi. Ƙanena, na ji muryarka ta daren jiya, inda ka ce duk waƙar da ka rubuta sai ta fito da ƙamshin Aƙilu Aliyu, har kana jin kunyar turowa. Wallahi murna na yi. Kunnenka ne ya fara buɗewa.

Ka san Imfiraji ta Aliyu Namangi, wadda almajirai ke rerawa tun daga Zariya har zangonmu na Kumasi? Karinta daga kiɗan caji ya ɗauko shi, kiɗan wasa, ya zuba masa wa'azi da yabon Annabi. Wa ya taɓa ce masa ɓarawo? Ga kuma namu na gida, Alhaji Umaru na Kete Karaci, haifaffen Kano, da ya zo Salaga a 1892 ya rasu a 1934. Sai da ya sha waƙoƙin Larabawan dauri ya ƙoshi kafin ya yi Waƙar Talauci da Wadata. Amma talaucin da ke cikinta wanda ya gani da idonsa ne.

To nan nake so ka tsaya. Abin da za ka ara a wurin Aƙilu shi ne kari, da yadda ake ɗaure baiti, da amsa-amo. Kalmominsa da hotunansa ka bar masa abinsa.

Ni da tahamisi malaminmu ya fara mana, Allah ya jiƙansa. Kamar yadda Ibn Mahib ya yi wa Ishiriniya ɗin nan da muke karantawa lokacin Mauludi. Sai ya ba ka baiti mai ɗango biyu na wani babban mawaƙi, ya ce ɗora ɗango uku a kansa ya zama ƙwar biyar. Naka ukun dole su bi karinsa, su ƙare da sautin da ɗangonsa na farko ya ƙare. Malam yana zaune kan buzu, ido a rufe, yana buga yatsa a bayan allo, kai kana rerawa. Da ka sa gaɓa mai nauyi inda marar nauyi ta kamata, sai yatsan ya tsaya a sama. Ba ya faɗa, ba ya gyara maka. Sai ka koma baya ka gano inda ɗangon ya yi ɗingishi. Na taɓa kwana uku kan kalma ɗaya, ina son in sa "kasuwa" ta ƙi zama, sai da na juya ɗangon gaba ɗaya.

Shi ya sa nake roƙonku ku daina auna waƙa da ido a waya. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali da gajere, bakinka ne zai nuna maka. Mu kuma 'yan Gana Hausarmu ta sha Tuwi da Turanci, wani wasalin mun gajarce shi ba mu sani ba, don haka sai mun saurari rerawar sosai.

Abin da ya ɗan dame ni a baitocin da ka turo a watan jiya, akwai raƙuma da rairayin hamada. Ƙanena, yaushe ka ga raƙumi a unguwar Asawase? Ina 'yan kaya da ke ratsa kasuwar Kejetia da kwano a ka? Ina mai koko da ƙosai da ke hura wuta kafin kiran asalatu? Su nake so in ji a cikin karin Aƙilu.

Ka zaɓi waƙarsa guda ɗaya, ka haddace baiti goma, ka yi mako kana rerawa a trotro, motar haya, a hankali. Sannan ka rufe littafin ka yi baiti biyar naka a kan wannan karin. Kada ka rubuto, ka rero mana da murya, ni ma zan buga yatsa a nan. An kira la'asar, sai na ji ka.