Suna ɗaya tun daga sama har ƙasa

Yarona, na duba aikin da ka bari a kwamfutar shago. Ka ce firogiram ɗinka na harshen kwamfuta na C zai karanta sunayen masu bashi daga fayil ɗin dillalin albasan nan na kasuwar Mile 12 a Legas, ya jera su a sarƙa, kowane ƙulli da sunansa. Da ka sa ya buga, sai suna ɗaya ya cika fuskar kwamfuta, sunan ƙarshe, kuma layukan sun fi na fayil da ɗaya. Har kana tambaya ko gcc ɗin, mai fassara C zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, shi ne ya lalace mu sake saukewa. Bar gcc ya huta, abin da ka ce ya yi shi ya yi.

Dubi inda ka karanta layi. Ka ware bafa ɗaya, wato wurin ajiya na wucin gadi, mai gurbi 100, fgets mai karanta fayil yana zuba layi a ciki, sai ka ɗauki bafan ka miƙa wa ƙulli. A C wannan miƙawar ba ta kwafe ko harafi ɗaya. Adireshi kawai ka ba shi. Ka tuna allonka na makaranta: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Kai ka ce wa kowane ƙulli "sunanka yana kan allon can", alhali allon ɗaya ne, duk zagaye ana wanke shi. Da aka gama, kowa ya waiwaya ya ga rubutun ƙarshe.

Maganin shi ne kowane ƙulli ya samu wurinsa. Ka roƙi malloc, mai ware wurin ajiya, gurbi gwargwadon abin da strlen, mai ƙirga haruffa, ya ba ka, ka ƙara ɗaya, sannan ka kwafe da strcpy. Wannan ɗayan kada ka raina shi. Jerin haruffa a C ba ya ɗauke da tsawonsa, sifili ne a ƙarshe ke nuna inda ya tsaya, strlen kuwa ba ya ƙirga sifilin. "Musa" haruffa 4 ne amma gurbi 5 yake ci. In ka ware 4, sifilin zai faɗa gurbin da ba naka ba, firogiram ya yi aiki lafiya yau, gobe ya faɗi a gaban mai kaya. Akwai strdup da ke haɗa aikin biyu, kana iya amfani da shi, amma na fi so ka fara yi da hannu har ya zauna maka. Tun da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen nan a Bell Labs wajen 1972 haka yake, ba ya tsare kowa daga kuskuren kansa.

Layin da ya ƙaru kuwa daga feof ne, mai faɗin ko fayil ya ƙare. Ka sa shi ya zama sharaɗin zagayen, shi kuma ba ya duba gaba. Sai an yi yunƙurin karatu an tarar babu komai sannan yake cewa fayil ya ƙare. Saboda haka zagayen ƙarshe fgets ya dawo hannu wofi, bafa na riƙe da tsohon layi, kai kuma ka ɗaura sabon ƙulli a kai. Sa fgets ɗin kansa ya zama sharaɗi: muddin bai dawo da NULL, wato babu komai, ba, a ci gaba.

Akwai wata matsalar da ba ka kai gare ta ba tukuna. Ranar da za ka nemi suna da strcmp, mai kwatanta haruffa, zai ce babu, ga sunan kuwa kana kallo. Dalili shi ne fgets yana ajiye alamar sabon layi tare da sunan. Fayil ɗin nan kuma a Windows aka buga shi, inda layi ke ƙarewa da alama biyu, \r da \n, mu kuwa Linux muke kai. Yanke su da strcspn tun kafin ka kwafe. Kuma kar in ga gets, tsohon mai karanta layi, a aikinka don ka guje wa wannan. An cire shi daga ƙa'idar C tun 2011, don bai san iyakar bafa ba.

Na kuma lura ba ka duba abin da fopen, mai buɗe fayil, ya dawo da shi ba. A nan ya buɗe don fayil ɗin yana cikin foldar da ka kunna firogiram. Kai shi wata kwamfuta ka ga segfault, wato faɗuwar firogiram. Layi biyu ne kacal: in NULL ne, kira perror ya faɗa maka dalili, ka fita.

Wajen kwance sarƙar, ka yi free a kan ƙulli, wato ka saki wurinsa, sannan ka tambaye shi wa ke biye da shi. Ka riga ka mayar da wurin, ba naka ba ne kuma. Ajiye adireshin na gaba tukuna, saki sunan, sannan ka saki ƙullin.

In ka zo rubuta sabon lissafi, kar ka buɗe fayil ɗin Alhaji dillalin da "w", domin nan take yake share abin da ke ciki. A ɗauke wuta a lokacin, kamar yadda aka saba yi mana a Ikeja, bashin mutane ya tafi, sai ka je Mile 12 ka yi bayani da bakinka. Rubuta a wani fayil daban, rufe da fclose, sannan ka yi rename.

Gobe in ka iso daga Agege, kafin ka taɓa gyaran komai, sake haɗa tsohon aikin yadda yake a gcc da -Wall da -g da -fsanitize=address. Zai nuna maka lambar layin da ka taɓa ƙullin da ka saki. Karanta saƙon da kanka tukuna, sannan ka kira ni.